Wi-Fi ya ɓace bayan sabunta kwamfuta: Abin da za a gwada kafin a yarda da fomat

Matsalar tana zuwa ne ba sallama. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana aiki lafiya da daddare, ta nemi a bar ta ta kammala sabuntawa kafin a kashe ta, washegari a kunna a tarar alamar Wi-Fi ta ɓace daga kusurwar allo. Wani lokacin alamar tana nan, amma kwamfutar ba ta ganin wayar da ta saba jan data daga gare ta. Wani lokacin kuma tana haɗuwa, bayan minti biyar ta yanke, ta sake haɗuwa, ta sake yankewa.

A Accra ko Kumasi, wannan ɗan ɓacin rai ne na wuni guda. A garuruwan arewacin Ghana lissafin daban ne. Daga Salaga zuwa Tamale kimanin kilomita 120 ne, daga Yendi kusan 100, daga Bawku zuwa Bolgatanga kuma wajen 80, a yankin da dokar hana fita da matsalar tsaro suka sa ba kullum ake son hawa hanya ba. Masu buƙatar kwamfutar kuwa sun ƙaru: malaman makarantun gwamnati da suka karɓi nasu a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane malami da aka ƙaddamar a 2021, ɗaliban kwalejin jinya ta Kpembe kusa da Salaga, na kwalejin horar da malamai ta Gbewaa a Pusiga kusa da Bawku, da samarin zango masu shagunan cike fom da buga takardu, waɗanda abincinsu ya rataya a kan intanet.

Maganin da ya fi saurin zuwa bakin masu gyara da yawa shi ne fomat, wato a goge komai a zuba sabuwar Windows. Yakan yi aiki, amma tamkar rushe ɗaki ne don makulli ya ƙi buɗewa. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, aikin binciken kammala karatu, lissafin bashin abokan ciniki da hotunan biki duk suna iya tafiya, alhali a mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace a jikin kwamfutar. Wata 'yar manhaja ce aka sauya, kuma ana iya mayar da tsohuwar.

Mene ne direba?

A cikin yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka akwai wani ɗan kati da bai fi kan babban yatsa da yawa ba, wanda aka jona masa siraran wayoyi biyu da suka bi ta maƙalar murfi suka hau gefen allo. Wayoyin su ne eriya, katin kuma shi ke kama Wi-Fi. Sunan da ke jikin murfin, ko HP ne ko Dell ko Lenovo ko Acer, ba shi ne na wanda ya ƙera katin ba. Kamfanoni kaɗan ne ke yin sa: Intel, Realtek, Qualcomm Atheros, MediaTek da Broadcom.

Windows ba ta jin yaren kowane kati kai tsaye. Tana buƙatar tafinta, wata ƙaramar manhaja da ke karɓar umarni daga gare ta ta fassara wa katin, ta kuma dawo da amsa. Ita ce ake kira direba a bakin masu gyara, masu Faransanci kuma su ce "pilote". Allo yana da direbansa, lasifika da na'urar buga takarda ma haka. Idan aka sauya tafintan da wanda bai daidaita da katin ba, katin yana nan lafiyarsa ƙalau, amma magana ta yanke.

Windows kan kawo sababbin direbobi da kanta tare da sauran sabuntawa, ba tare da ta tambaya ba. Yawanci hakan alheri ne. Yana zama matsala idan direba na gama-gari ya maye gurbin wanda mai ƙera kwamfutar ya daidaita wa samfurinsa, ko idan katin tsoho ne da kamfaninsa ya daina kula da shi. Akwai kuma dalilan da suka fi yawa a wannan yanki. Wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar girkawa a kwamfutar da batirinta ya mutu. Kwamfutocin hannu na biyu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka wasu an sauya musu kati a hanya, wasu kuma an ɗora musu Windows 11 da dabara alhali ba su cika sharuɗɗanta ba.

Ba zargin masu gyara ba ne kawai cewa sabuntawa na kashe Wi-Fi. Kamfanin Microsoft da kansa ya sha amincewa da hakan. A 2019 ya dakatar da kai sabon zubin Windows 10 ga kwamfutocin da ke ɗauke da wani tsohon direban Qualcomm, saboda Wi-Fi ɗinsu na yankewa bayan sabuntawar. A Disambar 2023, sabuntawa mai lamba KB5033375 ta hana wasu kwamfutocin Windows 11 shiga Wi-Fi na jami'o'i da kamfanoni, har wasu jami'o'i suka shawarci ɗalibansu su cire ta, kafin kamfanin ya janye canjin cikin 'yan kwanaki. Wanda ya fi girma shi ne na ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani fayil mai kuskure da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa direbansa ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, a ƙiyasin Microsoft, ciki har da na filayen jiragen sama da asibitoci. Wancan bai shafi Wi-Fi ba, amma ya nuna irin zurfin wurin da direba yake zaune.

Kafin a taɓa komai

Tambayar farko: kwamfutar ce ko layin? Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a Ghana da Ivory Coast da Benin da wasu maƙwabta. Duk wanda ya yi wa kwamfutarsa fomat a ranar ya yi asarar banza. Gwajin mai sauƙi ne. A haɗa wata waya da Wi-Fi ɗin. Idan ita ma ba ta buɗe shafi, laifin na MTN ne ko Telecel ko AT, ko kuma data ce ta ƙare.

Idan wayar ta buɗe, sai a duba yanayin jirgin sama, wanda aka rubuta "Airplane mode" ko "Mode Avion". Kwamfutoci da yawa suna da maɓalli a layin sama mai hoton jirgi ko eriya, da ake dannawa tare da Fn, tsofaffi kuma suna da ɗan makunni a gefe. Yara kan danna shi, jaka ma kan goge shi.

Sai abu na uku, wanda mutane da yawa ke zaton sun riga sun yi. Kashe kwamfuta da sake kunna ta ba daidai yake da danna "Restart" ko "Redémarrer" ba. Tun daga Windows 8 a 2012, akwai tsarin saurin tashi da ke adana halin da direbobi suke ciki a lokacin kashewa, ya dawo da su yadda suke a lokacin kunnawa. Direban da ya rikice da dare zai tashi a rikice da safe. "Restart" ne kawai ke loda shi daga farko. Wannan kaɗai yakan warware matsalar wasu.

Ɗakin da direbobi suke

Idan duk wannan bai yi ba, wurin zuwa shi ne "Device Manager". A Bawku musamman, inda kasuwar Cinkassé ta iyakar Togo da Burkina Faso take kusa, kwamfutar da ta biyo ta Lome ko Wagadugu na iya zuwa da Windows ta Faransanci, inda sunan yake "Gestionnaire de périphériques". Akwai hanyar da ba ta damu da harshe ba: a danna maɓallin tutar Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc, a danna Enter.

A jerin da zai fito, a buɗe "Network adapters" ko "Cartes réseau". Layin da ake nema shi ne mai ɗauke da kalmar Wireless ko Wi-Fi ko WLAN ko lambar 802.11. Yadda ya bayyana shi ke faɗin ciwon. Idan akwai ɗan kibiya mai kallon ƙasa a jikinsa, an kashe shi ne kawai, a danna shi da maɓallin dama na linzami a kunna. Idan akwai alamar motsin rai a cikin alwatika mai ruwan ɗorawa, Windows na ganin katin amma direban ya ƙi tashi, kuma a cikin bayaninsa yawanci za a ga "Code 10" ko "Code 43". Idan babu layin gaba ɗaya, a duba ƙasa ko akwai wani "Network Controller" mai alamar tambaya. Wannan katin ne ba direba.

Mataki mafi muhimmanci a dukkan wannan bayani shi ne mayar da tsohon direba. A danna layin sau biyu, a shiga shafin "Driver" ko "Pilote". A nan an rubuta ranar direban da lambarsa, kuma yana da kyau a ɗauki hotonsu da waya kafin a ci gaba. A ƙasa akwai maɓallin "Roll Back Driver", ko "Restaurer le pilote". Windows tana ajiye direba guda ɗaya na baya, wannan maɓallin kuma shi ke dawo da shi. Ba ya buƙatar intanet, ba ya taɓa fayil ko ɗaya na mai kwamfuta, kuma bai wuce aikin minti biyu ba. Za ta tambayi dalili, a zaɓi kowanne, a yi "Restart".

Sau da yawa maɓallin yakan fito a dushe, ba ya dannuwa. Ba a nan hanya ta ƙare ba. A danna "Update driver" ko "Mettre à jour le pilote", amma kada a zaɓi neman atomatik. A zaɓi na biyu, wato dubawa a cikin kwamfutar, sannan zaɓin da ke cewa a bar mutum ya zaɓa daga jeri. Nan Windows za ta nuna duk direbobin da take da su waɗanda suka dace da katin, wani lokaci biyu ko uku, wasu da ranarsu a gefe. A ɗauki mafi tsufa a gwada. Idan bai yi ba a gwada na gaba.

Akwai mataki na uku da ake yawan ba da shawararsa a intanet, wato "Uninstall device" ko "Désinstaller l'appareil", a cire katin daga jerin don Windows ta sake gano shi bayan "Restart". Yana aiki, amma akwai rami a cikinsa. Akwatin da zai fito yana da wani ɗan gurbi da ke tambaya ko a goge direban baki ɗaya. Masu rubuta irin wannan shawara suna zaune ne inda akwai wayar intanet a bango. Wanda yake Salaga da Wi-Fi kaɗai, idan ya sa alama a gurbin nan alhali Windows ba ta da wani direban a ajiye, ya rufe ƙofa da makulli a ciki. A fara gwadawa ba tare da alamar ba. Ba a goge direba sai an tabbatar akwai madadinsa a hannu.

Wani lokacin ba direban aka sauya ba, Windows ɗin ce aka sabunta, kamar a Disambar 2023. Tarihin sabuntawa da ke cikin "Windows Update" yana nuna abin da aka girka da ranarsa, har da sashe na musamman na direbobi, kuma daga nan ake cire sabuntawar ƙarshe. Idan babban sauyi ne, kamar tashi daga Windows 10 zuwa 11, akwai damar komawa baya, amma kwana 10 kacal take ɗauka kafin Windows ta goge tsoffin fayilolinta.

Neman intanet don gyara intanet

Idan babu tsohon direba a cikin kwamfutar, dole a sauko da wani. Nan ne mutane da yawa ke karaya, tunda abin da ake buƙata don saukowar shi ne ya lalace. Mafitar tana cikin aljihu. Wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, tana iya bai wa kwamfuta intanet ta igiyar caji, ba tare da Wi-Fi ba. A jona igiyar, a shiga saitin wayar wurin raba data, a kunna "USB tethering", wanda a Faransanci yake ƙarƙashin "Partage de connexion". Windows za ta ɗauke ta a matsayin wayar intanet ta bango. Idan zaɓin ya ƙi kunnuwa, yawanci igiyar ce: masu arha da yawa na caji ne kawai, babu wayoyin data a cikinsu. Wayar iPhone ma tana yi, sai dai tana buƙatar manhajar Apple a kwamfutar tukuna.

Gargaɗi ɗaya. Da zarar Windows ta ga abin da take zaton layin bango ne, za ta fara jan duk sabuntawar da ke jiranta, kuma datar mako guda na iya ƙarewa kafin a sha shayi. Don haka a dakatar da sabuntawa kafin a jona, ko a shiga saitin layin a kunna "Metered connection", ko "Connexion limitée", wanda ke gaya mata cewa datar ta kuɗi ce.

Wane direba za a sauko da shi? Samfurin kwamfuta ɗaya na iya zuwa da kati iri uku, don haka sunan da ke jikin murfi bai isa ba. Katin yana da lambar shaida. A shafin "Details" ko "Détails", a zaɓi "Hardware Ids", ko "Numéros d'identification du matériel". Za a ga dogon layi mai ɗauke da VEN da lambobi huɗu. 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 168C na Qualcomm Atheros, 14E4 na Broadcom, 14C3 kuma na MediaTek. Lambobi huɗun da ke bayan DEV su ne ainihin samfurin katin. Da wannan sai a je shafin tallafi na kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a sa lambar da ke ƙarƙashinta, a ɗauki direban da ya dace da mai katin. Masu katin Intel suna iya ɗauka daga shafin Intel kai tsaye. Idan igiya ta gagara, ana iya sauko da fayil ɗin a waya ko a shagon intanet, a kwafa a filash.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne danna manyan maɓallan kore da ke alƙawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya. Wasu daga cikin waɗannan manhajoji suna zuwa da tallace-tallace da kayan leƙen asiri, wasu su nemi kuɗi bayan sun tsorata mutum da jerin matsaloli na ƙarya. Masu gaskiyar cikinsu ma aikinsu shi ne ɗora sabon direba a kan komai, wato ainihin abin da ya jawo matsalar tun farko.

Tana ganin na maƙwabta, ba ta ganin nata

Wannan wani nau'in ne daban, kuma ya fi shafar masu jan data daga waya ko ƙaramar na'urar MiFi, waɗanda su ne mafi yawa a Yendi da Salaga. Wi-Fi yana tafiya a kan manyan zanguna biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Tsofaffin katuna da masu arha na farkon kawai suke ji. Idan sabuwar waya tana watsawa a kan 5, kwamfutar ba za ta ga sunanta ba ko da tana kan teburi ɗaya. A saitin raba data na Android akwai wurin zaɓar zango, a mayar da shi 2.4. A iPhone 12 zuwa sama, makunnin "Maximize Compatibility" shi ke yin wannan aikin.

Haka ma tsarin kulle. Sababbin wayoyi da na'urori suna iya amfani da WPA3, wanda tsohon kati ko tsohon direba bai san shi ba. Alamarsa ita ce kwamfuta ta ga sunan, a sa kalmar sirri daidai, ta ce ba za ta iya haɗuwa ba. A mayar da tsarin zuwa WPA2 a wayar. Kuma bayan kowane sauyin direba, yana da kyau a sa kwamfutar ta manta da layin ta hanyar "Forget" ko "Oublier", a sake shigar da kalmar sirrin.

Akwai inda maganin yake juyawa. Kamfanin Intel ya sanar cewa wasu tsofaffin katunansa, irin su 7260 da 7265 da 8260, ba sa ganin sababbin na'urorin Wi-Fi 6 matuƙar suna kan tsohon direba. Waɗannan katuna suna cikin kwamfutocin ofis da yawa da ake sayarwa a matsayin hannu na biyu. A nan komawa baya ba ya taimako, sabon direba ake buƙata. Ranar da aka ɗauki hotonta a shafin "Driver" ita za ta nuna ko direban na bana ne ko na shekara takwas da suka wuce.

Ta haɗu, amma babu intanet

Idan kwamfuta ta ce ta haɗu amma shafi ba ya buɗewa, a buɗe baƙin allon umarni ta hanyar rubuta cmd, a rubuta ipconfig. Idan adireshin da ya fito ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga wayar ko na'urar ba, ta ƙirƙiri nata ne, wanda ba ya kai wa ko'ina. Kashe na'urar da kunna ta yakan isa. Idan bai isa ba, a buɗe allon da izinin mai gudanarwa a rubuta netsh winsock reset, sannan netsh int ip reset, a yi "Restart". Duk wannan Windows ta haɗa shi a maɓalli ɗaya mai suna "Network reset" ko "Réinitialisation du réseau", sai dai yana goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana. Malamin da ba shi ne ya sa kalmar sirrin makaranta da hannunsa ba ya nemo ta tukuna.

A kuma kalli agogo. Tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan batiri kamar kwabo da ke riƙe kwanan wata. Idan ya mutu, kwamfuta na iya tashi da kwanan watan shekarun baya, shafuka masu tsaro kuma su ƙi buɗewa. Ba laifin Wi-Fi ba ne ko kaɗan.

Mai yankewa lokaci zuwa lokaci, musamman idan an cire caji ko bayan an rufe murfi an buɗe, yawanci tanadin wuta ne. A wasu kwamfutoci, bayanin katin yana da shafin "Power Management" mai gurbin da ke bai wa Windows izinin kashe katin don rage cin batiri. A cire alamar.

Kada ta maimaita

Abin haushin shi ne, bayan an mayar da tsohon direba, Windows na iya sake ɗora sabon. Dakatar da sabuntawa yana ba da hutun har mako biyar. Akwai kuma saitin "Device installation settings", inda zaɓar "No" ke rage shigowar direbobi da kansu, kodayake ba kowane lokaci Windows ke mutunta shi ba.

Wasu masu gyara kan kashe sabuntawa gaba ɗaya su ce an huta. Wannan kuskure ne mai tsada. A watan Yunin 2024 Microsoft ya toshe wata ɓaraka a direban Wi-Fi na Windows, mai lamba CVE-2024-30078, wadda ke iya bai wa wani da ke kusa damar sarrafa kwamfuta ta iska ba tare da mai ita ya danna komai ba. Kwamfutar da aka rufe wa sabuntawa kafin lokacin tana nan a buɗe har yau. Masu Windows 10 kuma su san cewa tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Dabarar da ta fi dacewa da wurin da data ke da tsada ita ce ajiye kwafin direbobi tun kwamfuta tana lafiya. A sa filash, a buɗe masa jaka mai suna direbobi, a buɗe allon umarni da izinin mai gudanarwa, a rubuta pnputil /export-driver * E:\direbobi, a sauya E da harafin da filash ɗin ya samu. Windows za ta kwafe duk direbobin da aka ƙara mata. Ranar da Wi-Fi ya ɓace, sai a shiga "Update driver", a nuna mata jakar. Makarantar da malamanta ke da kwamfuta samfuri ɗaya, filash guda na iya wadatar da su duka.

Idan katin ne da kansa

Akwai lokacin da sabuntawar ba ta da laifi, lokaci ne kawai ya zo ɗaya. Idan katin ba ya fitowa a "Device Manager" ta kowace siga, ko yana fitowa yau ya ɓace gobe, a fara da kashe kwamfutar gaba ɗaya, a cire caji, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Hakan yana zubar da ragowar wutar da ke sa wasu katuna maƙalewa. A kuma leƙa saitin BIOS ko an kashe Wi-Fi daga can.

Idan har yanzu shiru, lokacin mai gyara ya yi. Kwamfutar da ke yawo a bayan babur a kan hanyoyin ƙauyukan Gonja ko Dagbon, ga ƙurar hunturu ga zafin Maris, katinta na iya sassautawa daga mazauninsa, ko ɗaya daga cikin wayoyin eriya ta fita. Alamar eriya ita ce kwamfuta tana kama Wi-Fi idan waya tana jingine da ita, ta rasa shi da an matsa taku uku. Cire katin, share shi da mayar da shi aikin 'yan mintuna ne, kuma a yawancin samfura sukurori ɗaya ne ke riƙe da shi. Wasu sirara na zamani an liƙe musu katin a jikin babban allon ciki, ba ya ciruwa. Ga waɗannan, ko ga wanda bai samu kati a kusa ba, akwai ɗan Wi-Fi na USB mai girman farce, wanda ake sokawa a gefe ya maye gurbin na ciki. A gwada shi a shagon kafin a biya, domin wasu suna buƙatar nasu direban.

Fomat ba ya gyara katin da ya sassauta ko eriyar da ta fita. Idan mai gyara ya dage a kansa, mai kwamfuta yana da damar tambayar ko an gwada "Roll Back Driver" da ɗan Wi-Fi na USB, ya kuma tsaya a kwafe masa jakunkunan Documents da Desktop da Pictures a gabansa, ya buɗe fayil biyu ko uku daga kwafin ya ga suna aiki, kafin a danna komai.